Shirya waƙa a jami'a: wa zai koyar, da wane harshe?

Tun daga watan Maris na shekarar 2025, sa'ad da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa suka zama harsunan aiki. An yi ta zance game da abin da wannan zai jawo cikin lakkwal da ofisoshi da kotuna. Amma akwai wani fanni da ba a cika tunawa da shi ba, alhali kuwa cikinsa ne harshe ya fi zama da rai. Wannan fanni shi ne waƙa. Manomin Tasawa da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana da waƙoƙi da dama a kansa. Macen da ke daka a Madawa ta san inda ake tsayawa da inda ake ɗauka, ba tare da wani ya nuna mata bisa allo ba. Idan har ana son a ba harshen ƙasa matsayinsa a manyan makarantu, wajibi ne a duba ko shirya waƙa yana da kujera a can, a kuma duba wanda zai zauna kanta.

Ba daga fili za a fara ba. Jami'ar Yamai, wadda tushenta ya soma a 1971, aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ta buɗe sashen koyar da fasaha da al'adu. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa da aka kafa a 1989, mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na sassan ƙasa, inda kuma makaɗan zamani da yawa suka goge. Akwai gasar Ɗan Gurmu da aka ƙirƙiro a 1987 domin tunawa da shahararren mawaƙin nan na Adar. Manya kuma ba su manta da bikin matasa na zamanin Janar Seyni Kountché ba, wanda ke zagaya manyan garuruwa, kowace samariya na kawo waƙarta. Duk da haka, saurayin Damagaram da ke son ya iya shirya waƙar Hausa yau, galibi inda yake koyo shi ne wani ɗan ɗaki mai kwamfuta da makirfo, wurin abokinsa wanda shi ma da ka ya koya.

Wasu za su ce ai waƙa baiwa ce, Allah ke ba wanda ya so, ba a koyon ta bisa benci. Gaskiya ne murya baiwa ce, kaifin basira ma haka. Sai dai wanda ya ce makaɗan dauri ba su yi makaranta ba, bai zauna gidan makaɗa ba. Yaro yakan fara da ɗaukar ganga yana bin ubangidansa gari gari. Daga nan a ba shi ƙaramin kiɗa ya riƙe zare. Sai ya shiga cikin ƴan amshi, ya yi shekaru yana karɓar abin da jagora ya faɗa, har kunnensa ya san nauyin kowace kalma. A cikin wannan zama ne yake haddace asalin sarakuna da kirarinsu da taken kowace sarauta, ya san wanda ake yi wa habaici da wanda ba a taɓawa. Ba a barin sa ya buɗe baki da waƙar kansa gaban jama'a sai an tabbata ba zai kunyata gida ba. In aka ƙidaya shekarun, sun fi waɗanda ɗalibi ke yi kafin ya zama likita.

Wannan makaranta ce ke rufewa a hankali. Fadar da ke ciyar da makaɗi da iyalinsa da yaransa ba ta da ƙarfin da. Ƴaƴan makaɗa suna lakkwal, ko sun tafi cin rani, ko suna jin kunyar sana'ar uba. Wurin biki kuma, na'ura guda mai lasifika ta maye gurbin mutum goma. Labarin biram ya isa ishara. Wannan abin kiɗa mai tsirkiya 5 na Buduma ne, masunta na tafkin Cadi, kuma saura kaɗan ya ɓace, don wanda ya rage da saninsa tsoho ne, Bukar Tar. Malam Maman Barka, ɗan Tasker, wanda ya yi aikin koyarwa kafin ya yi suna da gurumi, shi ne ya je ya zauna wurinsa a 2002 da taimakon UNESCO, ya koya, ya kai biram ƙasashen duniya. Maman Barka ya rasu a 2018. Da bai je ba, da yanzu biram katako ne rataye a gidan tarihi. Amma ƙasa ba ta iya dogara ga sa'a irin wannan, ta jira sai an sami mutum ɗaya mai himma kowane lokaci.

Saboda haka jami'a tana da aiki a nan. Abin tsoro shi ne ta yi shi ta hanyar da ta saba, wato ta kwaso tsarin makarantun kiɗa na Faransa ta dasa shi gefen Kwara. Rubutun kiɗa na Turawa, wanda ake kira solfej, abu ne mai amfani, kuma bai kamata a hana ɗalibi shi ba. Da shi ake ajiye sauti bisa takarda, da shi makaɗin Nijar zai yi aiki da na wata ƙasa. Amma ba zai koya wa kowa shirya waƙar Hausa ba, domin ginin waƙar Hausa cikin harshen kansa yake.

Ga misali. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, mai sauƙi da mai nauyi. Kalmar gari, wurin zaman mutane, da gaɓa mai sauƙi take farawa. Gari na tuwo kuwa da mai nauyi yake farawa, don ana jan wasalin. A rubutun boko na yau da kullum duka ɗaya suke, a kunne kuwa daban. Bisa wannan bambanci ne malaman jihadi, irin su Shehu Usmanu da ƴarsa Nana Asma'u, suka ɗora waƙoƙinsu kan ma'aunin arulin Larabawa, harshen ya karɓa kamar don shi aka yi. Bisa shi ne kuma mawaƙin baka ke daidaita kalmominsa da bugun kalangu ko kotso, ko da bai taɓa jin sunan aruli ba. Wanda ya sa gaɓa mai sauƙi inda kiɗa ke neman mai nauyi, dole ya ja ta, kalma ta lalace. Duk mai sauraron rediyo ya sha jin irin wannan, waƙa mai daɗin kiɗa amma Hausarta kamar ta baƙo.

Na biyu shi ne karin sauti, wato hawa da saukar murya cikin kalma. Kuka na mai hawaye, murya sama take tsayawa har ƙarshe. Kuka ta miya, murya sauka take yi. Wuya na jiki daga sama yake saukowa, wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. To, ita ma waƙa tana da nata hawa da sauka. Idan muryar waƙa ta hau inda kalma ke son sauka, ma'ana na iya juyewa, mai yabo ya faɗi abin dariya bai sani ba. Manyan mawaƙa sun san yadda ake sulhunta su biyun. Sun san inda za a bi kalma, sun san inda za a iya karya ta kaɗan ba tare da an ɓatar da mai ji ba. Wannan ilimi ne mai ka'ida, ana iya zayyana shi, ana iya jarraba ɗalibi a kansa. Amma da Hausa ake koyar da shi. Malamin da zai tsaya yana fassara habaici da Faransanci kafin ya bayyana shi, ya riga ya zubar da rabin darasin a hanya.

Haka nan tsarin waƙar baka yake da sunayensa tun da daɗewa: gindin waƙa da ake komawa gare shi, ɗiyan waƙa da jagora ke jerawa, amshi, kirari, zambo. Masana na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan, da Hausa, cikinsu har da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Littattafan suna nan, kuma daga Maraɗi zuwa Kano ba wata tafiya ba ce. Sai dai a lura, nazarin waƙa daban, shirya ta daban. Ɗalibin da ya iya fito da jigon waƙar Narambaɗa da salonta, ba lalle ne ya iya haɗa ɗa guda na kansa ba. Darasin da ake bukata shi ne wanda ɗalibi zai zo da waƙarsa kowane mako, ya rera gaban malami da ƴan uwansa, a ce masa nan ka karya, nan ka yi tsawo, wannan kalma ta wani ce ka ara, ya koma ya gyara. Gidan makaɗa haka yake yi, in ban da can har da rankwashi.

A nan ne maganar ta fi wuya ga hukumomi. Wa zai tsaya gaban aji? Dokar jami'a tana neman takardun shaida, waɗanda suka fi kowa sanin sana'ar kuwa ba su da ko ɗaya. A 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, abin ya yi kyau, Hausawan ƙasashen biyu sun yi murna. Amma riga da hula na yini ɗaya ba su zama darasi. Abin da ya dace shi ne a yi wa gwanayen kiɗa da waƙa, maza da zabiyoyi, matsayi na musamman cikin ma'aikatan jami'a, da albashi sananne da sa'o'in koyarwa, a haɗa kowane da malamin harshe da zai rubuta abin da ake koyarwa. Kiran tsohon makaɗi ranar bikin rufe shekara ya kaɗa wa baƙi, a sallame shi da ƴar ambulan, wannan roƙo ne aka mayar da shi ya yi cikin harabar ilimi.

Kalmar roƙo kuwa ita ce ƙayar da ke cikin al'amarin. Iyaye da yawa sun fi son ɗansu ya zauna ba aiki da ya zama mawaƙi, don a ganinsu mawaƙi maroƙi ne, mai cin abinci da yabon wanda bai cancanta ba. Ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. An ga waƙoƙin da aka shirya don zagin abokin hamayya, da waɗanda ba a iya saurare gaban surukai. Amma waɗannan iyaye ba su manta ba cewa da waƙa aka kira mutane zuwa ajin yaƙi da jahilci, da ita aka yi shelar rigakafi da dashen itatuwa, da ita kuma malamai suka koyar da farillan alwala tun kafin zuwan boko. Jami'a ba za ta iya gyara halin kowane mawaƙi ba. Abin da take iyawa shi ne ta yaye wanda ya san haƙƙinsa, don kada yunwa ta mayar da shi ƙofar mai kuɗi. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, amma mawaƙa nawa ne suka san yadda ake rajistar waƙa, ko abin da ke cikin takardar da mai situdiyo ke miƙo musu su sa hannu? Yau waƙa kan fita da safe, kafin la'asar tana cikin wayoyin mutane har Agadas, mai ita bai ga dala ba. Darasi kan yarjejeniya da haƙƙin mallaka ya kamata ya zauna daf da darasin karin sauti.

Za a kawo maganar kuɗi, kuma da gaskiya, don ɗakunan karatu sun cika, bukatun noma da lafiya suna gaba. Amma wannan fanni bai bukatar injuna masu tsada. Kotso da goge da gurumi a ƙasar nan ake yin su. Kayan karatu ma suna nan ajiye. Cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, CELHTO, wadda ke Yamai tun 1968, da cibiyar bincike ta IRSH, da gidan rediyon Muryar Sahel, sun ɗauki muryoyin mawaƙa da marubuta da dama bisa faifai tun shekarun farko na mulkin kai. Zaren kaset ba ya son zafi da ƙura, kuma kowace bazara tana cin rabonta. Juyar da su zuwa kwamfuta aiki ne da ɗalibai da kansu za su iya yi, suna yi suna saurare.

Abin da aka faɗa game da Hausa ya shafi Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Tubanci, kowane da nasa ma'auni da nasa gwanaye, kuma kowace jami'a ta fi kusa da wasu. Jami'ar Tawa tana tsakiyar Adar, ta Maraɗi tana tsakanin Katsina da Gobir, ta Damagaram kuwa tafiyar ƴan mintoci ce tsakaninta da ƙofar fada, inda masu algaita da kakaki ke busa har yanzu. Shugabannin waɗannan makarantu ba su bukatar jiran wani gini kafin su aika a rubuto sunayen gwanayen da suka rage a yankinsu, da shekarunsu, da abin da kowane ya iya. Da yawa daga cikinsu sun manyanta, wasu kuma ba su da yaro ko ɗaya da ke ɗaukar musu ganga.