Wai Gudu Ba Ya Kisa, Hannu Ne

A kowace tasha, daga Unguwa Uku a Kano har Kawo a Kaduna, akwai direban da ake ji da shi. Shi ne wanda zai bar Kano da hantsi, kafin ka gama gyangyaɗi ya sauke ka. Idan ka ce gudunsa ya yi yawa, nan take za a taso maka da karatun da kowa ya haddace: ai gudu ba ya kisa, rashin hannu ne ke kisa. Wai gwani ko tashi sama zai yi da mota, ya san inda zai dire ta. Har 'yan boko masu motar kansu suna faɗin haka, suna ƙarawa da cewa mai tafiya a hankali ne ke haddasa hatsari.

Wannan magana ƙarya ce, kuma da rayukan mutane ake biyan kuɗinta.

Mota ba ta san sunan direba ba. Idan tana gudun kilomita 120 a awa, tana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya hango rami ko saniya da ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, ko da direban ya yi barci ya ƙoshi, balle wanda ya kwana yana tauna goro. Bayan nan sai birkin kansa ya fara nasa aikin, kuma a nan lissafin yake da mugunta: in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. A irin wannan gudu, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, sai motar ta wuce tsawon filin ƙwallo kafin ta tsaya. To ina ga Sharon mai tayoyin gwanjo, an cusa mutum biyu a kujerar gaba, an danne but da buhunan masara? Wane hannu ne zai gyara wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar mummunan hatsari mai kisa da kashi 4. Ba ta ware gwanaye ba.

Kuma me ake samu? Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Mai tafiya a kan 100 da mai tafiya a kan 130, bambancinsu wajen rabin awa ne kacal, shi ma in hanya ta buɗe tas, babu shingen jami'an tsaro, babu cunkoson Kwanar Dangora, abin da ba ya faruwa. Rabin awar nan kuwa mun riga mun ɓatar da ninkinta a tasha muna jiran mota ta cika.

Za a ce ai ga wane, shekara ashirin yana sheƙa gudu ko kaza bai taɓa takewa ba. Haka ne. Waɗanda suka yi irin gudunsa ba su kai labari ba, ba sa zama a benci a tasha su ba da nasu tarihin. Muna jin bakin wanda ya tsira ne kawai, sai mu ɗauki sa'a mu sa mata rawanin gwaninta. Wanda ke son jin ɗaya ɓangaren ya leƙa asibitin ƙashi na Dala, ya tambayi samarin da ke kwance da ƙarfe a cinya. Yawancinsu ba su taɓa shakkar hannunsu a kan babur ba.

Dokar dai tana nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 100 ga ƙananan motocin gida a babbar hanya, 90 ga motocin haya, kuma tun 2017 ta ce dole motar haya ta sa na'urar taƙaita gudu. Shiga motar tasha ka kalli allurar, in ma tana aiki, ka gaya mini inda na'urar take.

Na san direba na da uzurinsa. Mai mota na jiran balas, fetur ya yi tsada, yana so ya sauke ya sake lodi kafin duhu. Wannan matsi gaskiya ne, kuma ya fi mini sauƙin fahimta a kan halin fasinja. Mu ne ke zuga shi. Da ya sassauta sai wani daga baya ya ɗaga murya: “Direba, ƙwai ka ɗauko ne?” Mota ta ɗauki dariya. Idan kuwa wata dattijuwa ta ce, “Ɗan nan, don Allah ka rage,” sai a yi mata caa, a ce Hajiya tsoro gare ta, ai kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru. Mutumin da ke faɗin haka shi ne ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya fito.

Hajiyar ce ke da gaskiya, kuma ita kaɗai ce a motar take yin abin da ya kamaci wanda ya biya kuɗin kujera. Shugabannin ƙungiyar direbobi kuwa, da suka iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin tasha ba, za su iya hana ta lodi saboda fasinja sun kawo ƙarar gudu, in sun ga dama.