Kafin ka sayi sabon famfon mai, ka san inda filtar motarka take?

Yau magana ce da masu ƙananan motoci, irin su Corolla da Golf.

Motarka ta fara shaƙewa in ka taka totur, musamman wajen hawa tudu ko in za ka wuce tirela a babban titi. A silo kuwa lafiya lau take. Ka kai gareji, tun kafin a buɗe bonet an ce maka famfon mai ne. Wataƙila shi ɗin ne, amma ni a ganina bai kamata ka ciro kuɗin famfo ba sai ka tambayi yaushe rabon da a canja filtar mai. Filta in ta toshe, ɗan man da injin ke buƙata a silo yana iya wucewa, amma da zarar ka nemi mai da yawa sai hanya ta ƙi. Famfo kuma yana ta fama da toshewar har ya gaji ya mutu. Ka sa sabo a kan tsohuwar filta, shi ma hanyar da zai bi ke nan.

To ina take? Nan ne mutane ke rikicewa, don ba wuri ɗaya ba ne. A tsohuwar Corolla ta shekarun 1990, filtar gwangwani ce ta ƙarfe a ɗakin injin, jikin bangon da ya raba injin da cikin mota. A Golf 3 da Golf 4 sai ka leƙa ƙarƙashin mota, kusa da tanki, gaban tayar baya ta hannun dama. Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa, ko ka kwana kana dubawa ba za ka gan ta a waje ba. Tana cikin tanki, haɗe da famfon, kuma sai an ɗaga kujerar baya an kwance wani murfi ake kai wa gare ta. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa wai motarsa ba ta da filta. Tana da ita malam, har da 'yar ragar nan da ke bakin famfo.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar hura filta. A ciro ta, a sa baki ko iskar mai faci a hure ta, baƙin mai ya fito, a mayar, a ce an yi sabis. Cikin filtar nan takarda ce mai ninki-ninki, kuma ƙurar da ta maƙale a jikinta ba ta fita da huri. In iskar ta yi ƙarfi ma takardar ce za ta yage, motar ta sake, ka ji daɗi, alhali datti ne ya samu hanya kai tsaye zuwa nozul. Mafi muni shi ne wanda zai cire ta gaba ɗaya ya haɗa tiyo da tiyo. Je ka tambayi kuɗin nozul huɗu a kasuwar kayan mota, sannan ka tambayi kuɗin filta.

Na san me za a ce, abubuwa sun yi tsada. Gaskiya ne. Amma tsadar ce ma ta sa filta ke shan wahala yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mutum nawa ne ke cika tanki? Lita biyar, lita bakwai, allura kullum a kan ja. Famfon da ke cikin tanki da man yake sanyaya jikinsa. Ga kuma man 'yan bumburutu, daga jarka zuwa galan zuwa mazurari, a bakin titi cikin ƙurar hunturu. Ba na zargin kowa, wani lokacin dole ce ke sawa. Sai dai wanda ke shan irin wannan man bai kamata ya jira lissafin da aka yi wa mai mota a Japan ko Jamus ba. Mai filtar waje, ni shawarata kada ya wuce kilomita 30,000 zuwa 40,000 bai canja ba. Kuma ka sani, tsatsa da yashi take tarewa. In an gauraya man da kananzir ko wani sinadari, babu abin da za ta iya.

Ta waje kana iya canjawa da kanka in kana da sifana da haƙuri. A fili za ka yi, ba sigari, ba janareta a kusa. Ka zare fiyus na famfon mai, ka tada motar ka bar ta har ta mutu da kanta, don a yawancin motocin injekta matsin da ke cikin tiyon ya fi na iskar tayarka, in ka kwance haka kawai a ido zai feso maka. Sai ka cire kan batir na nagatif, ka naɗe mahaɗar da tsumma kana kwancewa a hankali. Dubi kibiyar da ke jikin sabuwar, dole ta kalli ɓangaren injin. In mai ƙusa da woshar tagulla ce, sa sabuwar wosha, tsohuwar yoyo take yi. Mai Golf, don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, nemi rami. In ka gama, mayar da fiyus da batir, ka murɗa makulli sau uku ba tare da ka tada ba, ka duba ko akwai ɗigo.

Ta cikin tanki kuwa, bar wa bakanike, amma ka tsaya a kansa. A share ƙurar da ke saman murfin kafin a buɗe, a duba robar da ke rufe bakin tankin, in ba haka ba warin fetur zai riƙa cika maka mota. Kuma ka ce a ba ka tsohuwar a hannu, ka juye man da ke cikinta ta bakin shiga a cikin farar kwalba, ka bar shi ya kwanta minti goma.