FILIN GYARAN GIDA: Sabunta daɓen siminti da ya ci

Bayan an gama kaka kuɗi sun ɗan shigo hannu, magidanta da yawa kan juya ga gyaran gida. Daɓen tsakar gida ya fara fitar da yashi, na makewayi ya tsage, na bakin rijiya ya yi ramu ruwa yana kwanciya. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ruwan da ya kwanta shi ke haifar da sauro, shi ke kuma cin gindin katangar ƙasa har ta faɗi da damina. Hatsin da aka shanya bisa irin wannan daɓe da tsakuwa ake kwashe shi.

Abin da aka saba gani shi ne a sayi buhu guda, a dama shi ruwa-ruwa, a shafe bisa tsohon daɓe. Kafin wata uku ya ɓamɓare kamar ɓawon gyaɗa. Kuɗi sun tafi, daɓe yana nan yadda yake. Sabon siminti ba ya kama tsoho sai an shirya masa wuri.

Da farko maigida ya ɗauki guduma ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji ƙara mai tauri, ƙasan yana da kyau. Inda ya ji kamar ganga, akwai rami a ƙasa, ko gara ta yi ɓarna, ko cikon ya zauna. Wannan wuri sai a fasa shi, a cika, a daddage, a zuba sabo. Haka nan in saiwar dogon yaro ce ta ɗaga daɓen, sai an sare ta, in ba haka ba tsagar za ta sake fitowa a wuri guda.

Na biyu, a sassare fuskar tsohon daɓen da guduma da kurfi har ta yi kaushi. A kankare duk inda mai ko sabulu ya zuba, a share, a wanke. A jiƙa shi tun daren jajibirin aiki. Da safe ya kasance da danshi, amma babu ruwa kwance.

Na uku, yashi. Yashin gulbi mai kaushi, irin wanda ake ɗiba a Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba, ya fi rairayin tudu mai laushi. Ga yadda ake gwada shi: a zuba yashi cikin kwalba har santimita 10, a ƙara ruwa, a girgiza, a aje ya kwana. In lakar da ta kwanta a bisa ta kai santimita 1, yashin bai yi ba sai an wanke shi. Simintin ma a duba. Ko na Malbaza ne ko na ƙetare, buhun kilo 50 ne, kuma in ya yi dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa, danshi ya riga ya kashe shi.

Awo kuwa, bokiti 1 na siminti, bokiti 3 na yashi. Kauri kada ya gaza santimita 3. Da wannan awo buhu ɗaya kan rufe wuri mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, ko ya ɗan ɗara. Ke nan ɗaki mai mita 4 da mita 3 zai ci buhu 4. Inda amalanke ko dabbobi ke bi, a kai santimita 5, a haɗa siminti 1, yashi 2, ƙananan tsakuwa 3. Ruwan kwaɓi ya zama mai tsabta, kuma kaɗan. Kwaɓi mai ruwa da yawa yana da daɗin shafi, amma shi ne ke komawa gari.

Kafin a zuba, a dama siminti zalla da ruwa kamar kunu, a goga shi da tsintsiya bisa tsohon daɓen. A zuba kwaɓin nan take tun kunun bai bushe ba. A buga, a ja da miƙaƙƙen katako. A ba shi gangare na santimita 1 zuwa 2 cikin kowace mita, ruwa ya nufi rariya, ba gindin bango ba. Kowace mita 2 ko 3 a ja layi mai zurfi da cokalin gini, don in zai tsage ya tsage a nan. Mai aikin ya sa takalmin roba, don ɗanyen siminti yana cin fata.

Saura babban sharaɗi, wanda aka fi sakaci da shi. Siminti ba rana ke sa shi tauri ba, ruwa ne. Iskar hunturu da zafin bazara suna shanye ruwansa tun bai kama ba. Saboda haka a yi aikin da sanyin safiya ko da la'asar. Da zarar ya daskare a rufe shi da tsofaffin buhuna, ko tabarma, ko yashi mai danshi. A dinga ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 cur. A tsare shi daga yara da awaki kwana 3. Kaya masu nauyi su jira, don sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Wanda kuɗinsa ba su kai ga dukan gidan ba, gara ya gyara bakin rijiya ko makewayi bana da awo cikakke, ya bar sauran sai baɗi. Tun ran gini, tun ran zane.