Kafin a manna karo a makewayin Inna, a fara duba ramin salga

Idan Allah ya buɗa wa ɗan Maijirgi da ke aikin gini a Aljeriya, ko mai kasuwanci a Legas, ko ma'aikaci a Yamai, hankalinsa yakan koma gidan da ya fito. A da, rufin kwano da katanga ake fara yi wa iyaye. Yanzu makewayi ma ya shiga lissafi, kuma wannan abin yabo ne. Matsalar tana ga yadda ake aikin. Ana turo kuɗi ta Nita ko Amana, a aika wa magini hoto ta WhatsApp a ce ya yi irinsa: karo mai sheƙi, masai na zama mai tankin ruwa, shawa da madubi. Magini ya gama, ya ɗauki hoto ya mayar, mai kuɗi ya ji daɗi. Sau da yawa, bayan damina ɗaya sai a tarar an rufe wurin, tsohuwa ta koma salgarta ta dā.

Abu na farko da ke kashe irin wannan makewayi shi ne ruwa. Masai mai tanki yana cin lita 6 zuwa 9 duk lokacin da aka kora shi. A gida mai mutum goma, in kowa ya shiga sau biyu a rana, ana bukatar aƙalla lita 120, wato kusan jarka biyar masu lita 25, ban da na wanka da girki da alwala. A gidan da ba a ja famfo ba, mata da yara ne za su ɗauko wannan ruwa, ko a saya wurin 'yan ga-ruwa. Wanda ya turo kuɗin yana nesa, ɗawainiyar tana kan ƙannensa. Ranar da suka gaji, masan zai toshe, wari ya hana kowa shiga.

Na biyu shi ne ramin. Ƙasar Tasawa da Mayahi galibi jigawa ce, rairayi mai saurin zabgewa. Ramin da ba a gine cikinsa ba yakan rufta idan ruwan Agusta ya jiƙa shi, musamman in an ɗora masa nauyin bulo da karo a kan tsoffin itatuwan da gara ta riga ta ci. Gyara na gaskiya daga nan yake farawa: a gine ramin da bulo, a bar 'yan ƙofofi a ƙasa domin ruwa ya riƙa tsotsewa, a rufe da murfin siminti mai rodi, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwan sama ke kwanciya. Masana tsafta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya. Ruwan wanka kuma a haƙa masa nasa rami a cika da duwatsu, a daina sako shi lungu yana tara sauro a ƙofar maƙwabci.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar Maraɗi. A watan Yulin 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Madarunfa, ta kama sama da mutum 3,000 kafin ta lafa. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da 5,000 a faɗin ƙasar, ta kashe sama da 150, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ƙididdigar UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Nijar a fili suke bahaya. Duk salgar da ta rufta ko ta toshe, mutanen gidan daji suke komawa, ƙuda kuma ya dawo musu da abin a kan fura.

Akwai dabaru masu sauƙin kuɗi da aka daɗe da gwadawa. A shekarun 1970 Peter Morgan ya ƙera wata salga mai bututun iska a ƙasar da ake kira Zimbabwe yanzu. Bututun yana tashi daga ramin ya zarce rufi da kamar rabin mita, a sa masa raga a baki. Iska na fitar da wari ta sama, ƙudan da ya bi haske ya hau bututun kuma raga ta tare shi ya mutu. Akwai bakin masai na roba mai suna SATO, mai murfin da ke rufe kansa, wanda bai kai lita ɗaya yake bukata ba, buta guda ta isa. A Indiya an yaɗa salga mai rami biyu: in ɗaya ya cika a toshe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin ciki ya bushe ya zama taki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin maginin Tasawa in an yi masa bayani.

Wani zai ce iyayen ƙauye ma sun cancanci abu mai kyau irin na birni, kuma tsoho mai ciwon gwiwa ya fi samun sauƙi a masan zama. Gaskiya ne. Amma ana iya gina mazauni na siminti, ko a sa na roba a kan ramin, ba tare da tanki ba. Karo mai santsi kuwa, in ruwan sabulu ya zuba a kansa, tarko ne ga tsohuwa, kuma karayar ƙugu a shekara saba'in kan kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. A sa mai kaushi a ƙasa, mai sheƙin a bar shi ga bango. A kafa ƙarfen dafawa, a sa fitilar sola saboda dare, a yi ƙofa mai sakata domin sutura, a ajiye sabulu da ruwan wanke hannu a bakin fita. A kuma tambayi masu gidan inda bakin masan zai kalla, domin dattijon da ya ga yana fuskantar alƙibla ba zai shiga ba ko nawa aka kashe.

Saboda haka mai shirin turo kuɗi bana ya sauya tambayoyin da yake yi wa magini. Ya nemi hoton ramin kafin a rufe shi, ya tambayi nisansa da rijiya, ya ji lita nawa wurin zai ci a rana da wanda zai ɗauko ruwan. Ya kira Inna da kansa ya ji abin da ke ba ta wahala, tsuguno ne, ko duhu, ko wari. In an gama da waɗannan kuɗi ya rage, a sayi karo da fenti da madubi. A nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.