Ga Ruwa, Me Ya Kawo Taimama?

Yau da masu koyar da harshen kwamfuta na C++ nake, musamman waɗanda har yanzu tsofaffin takardun darasi suke raba wa ɗalibai.

Ga yadda abin yake. Shirin kwamfuta yakan ari wuri a memori ya ajiye bayanai, kuma dole ya mayar idan ya gama. In bai mayar ba, memori ya yi ta cika har aiki ya tsaya. Shi ya sa aka ƙirƙiro manuni mai wayo, wani ɗan wakili da ke riƙe adireshin wurin, ya mayar da shi da kansa idan aiki ya ƙare. Amma kada wakilai biyu su ɗauka wuri ɗaya nasu ne, domin in aka mayar sau biyu shirin zai iya rushewa.

A ƙa'idar 1998, kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa yaren na'ura, kwafa kawai ta sani, ba ta san miƙawa ba. Sai aka yi dabara aka fito da auto_ptr: ka ce a kwafa, sabon ya ƙwace mallaka, ya bar na farko fanko, kwamfaila kuwa ko uffan. Ka zuba irinsu a jeri ka ce a tsara, wasu bayanan sai su salwanta.

Ba na ganin laifin masu dabarar, rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Amma ƙa'idar 2011 ta kawo unique_ptr da std::move. Yanzu in ka yi yunƙurin kwafar abin da miƙawa ya kamata, kwamfaila za ta ƙi tun kafin shirin ya tashi. A 2017 aka cire auto_ptr daga ƙa'idar ɗungurungum.

To malam, me kake jira? Kada ka ce ai yana aiki, har motar da ba ta da birki tana tafiya. Kada ka ce kuɗi, kwamfailar GCC kyauta ake sauke ta. In a matsayin tarihi za ka koyar da shi, bismilla, ka faɗa wa yara tarihi ne. Amma ɗalibin da ya biya kuɗin makaranta, ya je neman aiki da ilimin da aka soke kafin ya shiga aji, wa zai biya shi asararsa?

Allah Ya sa mu gyara.