Daga Azbin zuwa Alƙalawa: Yadda rashin tsaro ke korar baƙi

Garin Chamonix, da ke gindin tsaunin Mont Blanc a ƙasar Faransa, mazaunansa ba su kai 10,000 ba, amma kusan dukansu da baƙi suka dogara wajen neman abinci.

Da hunturu masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne ke cika garin, da bazara kuma masu hawan dutse da masu tattaki. A can ne aka gudanar da gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924.

Ga mutanen Sabon Birni da Isa a Jihar Sakkwato, wannan labari bai yi nisa da gida kamar yadda ake zato ba, domin tarihin Gobirawa ya nuna cewa daga tsaunukan Azbin, a arewacin Jamhuriyar Nijar, kakanninsu suka gangaro kudu.

Waɗannan tsaunuka sun taɓa ɗanɗana irin arzikin Chamonix, ko da yake babu ƙanƙara a cikinsu.

A farkon shekarun 2000, jiragen sama na ɗauko Turawa kai tsaye daga Faransa zuwa Agadas, inda suke hayar 'yan jagora da raƙuma domin hawan Bagzan, wanda tsayinsa ya ɗara mita 2,000. Maƙeran azurfa, da direbobi, da masu masauki duk sun amfana.

Sai dai tawayen ƙungiyar MNJ da ya ɓarke a 2007, da kuma sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a 2010, sun durƙusar da wannan kasuwa.

Ko sanya tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da baƙin yadda suke a da ba. A 2025 ma an sace wata 'yar Ostiriya da wata 'yar Suwizalan a garin.

Ita ma ƙasar Gobir tana da abin da za ta nuna. Kusa da Sabon Birni ne kufan Alƙalawa yake, birnin da Bawa Jangwarzo ya yi mulki, wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808.

Amma hanyar zuwa can ita ce matsalar. A Disamban 2021 'yan bindiga sun ƙona matafiya da ransu a cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, daga bisani aka kashe shi.

Hare-haren sun tilasta wa dubban mutanen yankin tsallakawa zuwa jihar Maraɗi domin neman mafaka.

Abin da Azbin ya nuna shi ne, dutse ko kufai ba ya kawo baƙo shi kaɗai, kuma hari ɗaya kan iya rusa kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa.

Saboda haka, kafin a yi maganar kawo ɗalibai da masu bincike Alƙalawa, tambayar da ke gaban hukumomi ita ce, yaushe manomin Isa zai je gonarsa ya dawo ba tare da ya biya 'yan bindiga haraji ba?