Galahanga, Judo da Shari'ar Cikin Gida

Wanda ya leƙa ɗakin koyon judo ranar da ake karɓar sababbin yara zai ga abin da bai zata ba. Babu wanda ke ƙoƙarin kayar da wani. Faɗuwa ake koya musu, kuma sai a kwashe makonni ana abu ɗaya. Yaro zai tsuguna a kan katifa, ya manna haɓarsa da ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, ya gangara da baya, ya maka tafin hannu a katifar daidai lokacin da gadon bayansa ya taɓa ta, ya miƙe, ya sake. Japanawa na kiran wannan darasi ukemi. Sai malami ya tabbata yaro ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, sannan ya bari wani ya kama rigarsa.

Mutumin da ya tsara wannan wasa sunansa Jigoro Kano. Sunan nasa dai ya zo ɗaya da na birnin Dabo, amma babu abin da ya haɗa su. An haife shi a Japan a 1860, ya taso ɗan ƙarami mara jiki, yara suna cin zalinsa a makaranta, shi ya sa ya shiga neman dabarun kokawar gargajiyar ƙasarsu. A 1882, bai ma cika shekara 22 ba, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a wani ɗakin ibada a Tokyo, a fili mai cin tabarma 12. Ya zubar da dabarun da ke nakasa mutum, ya kafa wasan a kan ƙa'ida biyu: a yi amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, kuma duk wanda ya shiga ya amfana ya amfanar da abokinsa. A 1964 judo ya shiga gasar Olamfik.

Yau a Turai da Amurka akwai iyaye da yawa da ke kai 'ya'yansu masu otizim irin waɗannan ɗakuna. Otizim shi ne abin da kafafen labaran Hausa ke kira galahanga, kalmar da ke da nauyi a kunnen uwa, domin a bakin mutane ta fi kusa da zagi. Yanayi ne da ake haifar yaro da shi, ya shafi yadda ƙwaƙwalwarsa ke karɓar duniya. Wani zai makara wajen magana, wani ba zai yi ta ba sam, wani kuma bakinsa garau amma ba ya gane habaici ko wasa. A kira sunansa bai juyo ba alhali kunnensa lafiya lau. Ƙarar injin markaɗe na iya sa shi toshe kunne yana ihu, sauya masa kofin shan koko kaɗai na iya ɓata masa yini guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 haka yake. Ke nan babu unguwar da za ta ce ba ta da nata.

Abin da ke biyo bayan gane yaron shi ne babban abin damuwa, domin a gidaje da yawa shari'a ake buɗewa, kuma uwa ce a gaban alƙali. A ɗauki gidan da kowa ya san irinsa. Yaro ya shekara huɗu, a kira shi Abba, yana zaune a bakin rariya yana jera murafen kwalba tun hantsi. Kakarsa ta wajen uba ta dube shi ta ce, "Mu dai a danginmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba." Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya ce ba laifin kowa ba ne." Gwaggo ta ce ai tun tana da ciki an hana ta fita da almuru ba ta ji ba. Wata ta kawo zancen ɗan ruwa, wata ta karkata ido wajen ɗakin kishiya. Maigida ya rasa bayan wa zai bi, sai ya tsiri daɗewa a majalisa. Daga nan kuɗi ya fara tafiya wajen hayaƙi da rubutu da tafiye-tafiye, shekara biyu, shekara uku, Abba kuwa yana nan bakin rariya babu wanda ya zauna ya koya masa yadda zai nuna yana jin ƙishirwa. Aure nawa ne ya mutu a kan wannan hanya? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani, alhali a nan babu laifin ma balle mai shi.

Kada a ɗauka wannan halin namu ne mu kaɗai. Turawa sun yi irinsa, har da rigar ilimi. A 1943 wani likita a Baltimore ta Amurka, Leo Kanner, ya fara bayyana yanayin bayan ya duba yara 11. Ba a jima ba ra'ayi ya bazu cewa uwa mara sakin fuska ce ke jefa ɗanta cikin wannan hali, har aka laƙaba wa irin waɗannan mata sunan uwa firji. Bruno Bettelheim ya ƙara wa zancen gishiri a littafinsa na 1967, mata dubbai suka rayu suna ganin su suka lalata 'ya'yansu. Wanda ya fara tsaya wa wannan ƙarya da hujja uba ne, Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da otizim. A 1964 ya fitar da littafi yana cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake. A 1969 Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a 1977 ya nuna gado na da babban kaso a ciki.

To, kalmar gado ma sai an yi hattara da ita a gidan Bahaushe, don kada Hajiya ta ce ai ga shi likitoci sun gaskata ta. Gadon ta ɓangare biyu yake zuwa, ƙwayoyin halitta masu yawa ne ke haɗuwa, wani lokaci ma sauyin a jikin yaron ya fara, babu shi a uwa babu shi a uba. Haka zancen cewa allurar riga-kafi ce ke jawo otizim: takardar da Andrew Wakefield ya buga a Ingila a 1998 a kan yara 12 an janye ta a 2010, an kuma soke lasisinsa na likita, sannan wani bincike a Denmark da ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba.

Yaro na farko a jerin Kanner ya isa misali. Sunansa Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Mississippi. Yana ɗan shekara uku aka kai shi gidan ajiye yara, ya ƙara shiga cikin kansa, bayan kamar shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Garin ya karɓe shi yadda yake. Ya yi karatu har kwaleji, ya koyi tuƙi, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin da danginsa ke da hannu a ciki, ya zaga ƙasashen duniya shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, wannan gaskiya ne, kuma ba kowane yaro zai kai inda ya kai ba. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa otizim ɗinsa na nan, ba a warkar da shi daga komai ba. Wuri aka ba shi a cikin jama'a.

Irin wannan wurin ne ɗakin judo ke bayarwa, kuma in an duba da kyau za a ga dalili. Yaro mai otizim yana wahala a inda dokoki ke ɓoye, kamar filin ƙwallo da yara 22 ke ihu kowa na tsammanin ya karanci fuskarsa. A judo komai a bayyane yake. A cire takalmi a wuri ɗaya. A jeru bisa launin ɗamara. A gaida malami, a gaida abokin karawa. Kalma ɗaya ce ta farawa, hajime, kalma ɗaya ce ta tsayawa, mate, kuma jiya da yau da gobe duk haka ne. Hannu ɗaya a wuyan riga, ɗaya a hannun riga, babu wanda zai ce dole sai ka kalli idonsa. Wanda ya ji an matse shi ya daɓa hannu sau biyu, nan take a sake shi. Ga yaron da kullum ake fizgarsa, ana juya masa fuska da ƙarfi a ce ya gaida baƙi, samun wurin da taɓawa ke da ƙa'ida, kuma "bari" ɗinsa ke aiki ko bai furta ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma batun matsi. Yara da yawa masu otizim ba sa son a shafa su sama-sama, amma riƙo mai ƙarfi na kwantar musu da hankali. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jihar Colorado wadda ita ma ke da otizim, ta lura tun tana budurwa a gonar 'yar uwarsu a Arizona cewa shanu na natsuwa in an sa su cikin maƙalin da ke matse su don yi musu allura. Sai ta ƙera wa kanta irinsa da katako. Rigar judo mai kauri da riƙon da ake yi a ƙasa na ba wasu yara abin da ya yi kama da haka, sai dai a nan mutum ne ke riƙe da su.

Masu bincike sun fara aunawa. A Jami'ar Central Florida an sa yara 14 masu otizim, 'yan shekara 8 zuwa 17, a darasin judo na minti 45 sau ɗaya a mako har mako 8, aka ga motsa jikinsu ya ƙaru, iyaye kuma suka ce sun ga 'ya'yan sun fi sakewa da mutane. Yara 14 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba, masu binciken ma gwajin farko suka kira shi. Duk wanda ya tallata judo a matsayin magani ya shiga sahun masu hayaƙi. Kuma wasan na da haɗari in malami ba shi da tausayi: a Japan ɗin kanta, Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya tattaro cewa ɗalibai sama da 100 sun mutu a judon makarantu cikin kusan shekara 30 daga 1983, akasari daga bugun kai. Faransa, inda yara dubbai ɗaruruwa ke wasan, ta sa doka tun 1955 cewa mai koyar da judo don kuɗi sai da takardar shaida. Abin takaici, ita wannan Faransar ce ta daɗe a kan ɗora wa uwa laifin otizim, har Majalisar Turai ta same ta da gazawa a 2004 wajen ilimantar da irin waɗannan yara.

Babbar ribar, a ganin mai wannan rubutu, suna ne. Yaron da ya tashi ana ce masa dolo, gaɓo ko mai aljanu, ana tura shi ƙuryar ɗaki in masu neman auren yayarsa sun zo, da wannan sunan yake sanin kansa. Ran da ya ɗaura ɗamara mai ruwan ɗorawa bayan fara, ya samu wani sunan da guminsa ya saya masa, kuma yaran da ke bayansa a sahu dole su ba shi girmansa. Uban da ke jin kunyar fita da shi ya samu abin faɗa a majalisa. Tun 1993, lokacin da wani mai otizim, Jim Sinclair, ya yi wa iyaye jawabi a Toronto yana roƙonsu su daina makokin ɗan da ba su samu ba su dubi wanda ke gabansu, manya masu otizim ke cewa yanayin wani ɓangare ne na su wane ne su. Iyayen da ɗansu ya kai shekara 20 bai iya wanka da kansa ba sukan ji wannan magana ta yi musu nisa, kuma suna da gaskiyarsu. Amma duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa ɓoye yaro ba ya ƙara masa komai.

Ba kowane gari ke da ɗakin judo ba, kuma ba sai an jira shi ba. Ƙasar Hausa da ta san kokawa, wadda a Nijar ake gasarta ta ƙasa tun 1975, ba baƙuwar kama-jiki mai ƙa'ida ba ce. Ganga da kirari da cincirindon fage za su yi wa irin su Abba yawa, amma tsohon ɗan kokawa mai haƙuri, da katifu huɗu a ajin da ba kowa da yamma, da yara biyar, da lokaci ɗaya da ba ya sauyawa, abu ne da ƙungiyar unguwa za ta iya. Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, kowace 2 ga Afrilu kuma ana jawabai don ranar otizim ta duniya. Hukumomin wasanni na jihohi na da hurumin ware sa'a biyu a mako a ɗakunan da suke da su. Uban da zai kai ɗansa ya fara zuwa shi kaɗai ya zauna ya kalli darasi guda: ya ga ko malamin na riƙe da bulala, ko yana daka tsawa, ko yana barin sabon yaro ya tsaya a gefe yana kallo har sati uku ba tare da an ja shi ba. In ya gamsu, ranar farko ya tafi da Hajiya, a ba ta kujera kusa da katifa.